Farantin da Ibu Rugaya Ta Riƙe

Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, ina gaban aji ina koya wa 'yan shekarar farko yadda ake tsara tambayoyin bincike, sai wayata ta yi ƙara. Safira ce, 'yar malamata. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Mama ta cika." Allah ne ya ba mu aronta, ya kuma karɓi abinsa, mu ma can muka dosa. Farfesa Rugaya Umarella, wadda kowa a sashenmu na nazarin halayyar ɗan Adam cikin jama'a yake kira Ibu Rugaya, ta rasu a gidanta da ke Kebun Cengkeh, nan Ambon, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan doguwar jinyar ƙoda. Bayan la'asar muka kai ta makwancinta.

Ibu, kin sha ja mana kunne cewa kada mu faɗi abin da ba mu da hujjarsa, ko da kuwa yabon mamaci ne. To, zan gwada. Ni ne dai Sofyan, ɗalibinki da kika laƙaba wa suna Malam Kashi-Cikin-Ɗari, sunan da ya bi ni har yau da furfura ta cika mini kai.

Na fara aiki a ƙarƙashinta ne bayan rikicin ya lafa. Tun ranar Ƙaramar Sallar 1999 da faɗa ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista, aka shafe shekaru ana kashe juna, kuma ko da aka ajiye makamai garin bai koma yadda yake ba. Kowa ya tattara ya koma unguwar 'yan addininsa. Kasuwa ta zama biyu, motar haya ma kowa da tasa hanyar. A lokacin ne masu ba da tallafi suka yi ta tururuwa suna son a auna musu ko mutane sun fara yarda da juna. Ni aka ba tsara takardar tambayoyin, na kuwa zage na yi ta da kyau. Da sakamako ya fito, kusan kowa ya ce ya yarda da ɗaya ɓangaren, dukkanmu 'yan'uwa ne. Na ruga ofishinta ina washe baki.

Ta duba takardun ta saman tabarau, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam Kashi-Cikin-Ɗari. Cikin waɗannan 'yan'uwan naka, nawa ne suka sha ko ruwa a gidan ɗaya ɓangaren bana?"

Na ce ban tambaya ba.

"Ko ka tambaya cewa za su yi sun sha. Mutumin Ambon ba ya kunyata baƙon da ya zo masa da takarda da murmushi. Ka auna ladabinsu dai, kuma ladabin ya kai. Bar bakin mutane ya huta, mu je mu ga farantansu."

Daga wannan magana aikin da ya fito da sunanta ya samo asali. Kowa a nan ya san idan maƙwabci ya aiko maka da abinci, ba ka mayar masa da faranti wayam. Sai ka sa wani abu a ciki, ko da ayaba biyu ce. Kafin rikici, da Sallah farantai na fita daga gidajen Musulmi, da Kirsimeti su fito daga gidajen Kirista, kuma gidajen Kirista da yawa suna da tukunya da cokula na musamman da ba a taɓa sa musu naman alade ba, saboda baƙinsu Musulmi. Rikici ya yanke wannan zirga-zirga. Har jita-jita aka riƙa yi cewa ana sa guba. Sai Ibu ta ce abu uku kawai za mu lura da su a gidajen tsofaffin maƙwabta da yaƙi ya raba: in an aiko da faranti, an karɓa? In an karɓa, an ci, ko kaji aka zuba wa? In an ci, farantin ya koma, kuma da me ya koma?

Shekara da shekaru muna wannan aiki. Takan haɗa ɗalibi Musulmi da ɗalibi Kirista a kan babur ɗaya, ta ce in ba za su iya riƙe ƙugun juna a kan hanya ba, ba su da abin da za su je su auna a gidan wani. Ta hana mu leƙen bayan gida a ɓoye don ganin abin da kaji ke ci. Tilas mu faɗa wa masu gida abin da ya kawo mu, mu zauna a kicin ɗinsu mu taya su kankare kwakwa har su manta da mu. "Mutane ne, ba ɓerayen gwaji ba," in ji ta. Ba ta taɓa bari sunan wani gida ya fita a rubutu ba. Akwai wata ɗaliba Kirista da aka ƙone gidansu, ba ta da inda za ta zauna ta rubuta kundinta. A ɗakin baƙin Ibu ta gama shi, kuma duk Lahadi Ibu ce ke tashinta kada ta makara coci. Ga ta da zafin jan biro, takan mayar maka da babi ya koma ja wur, amma ba ta taɓa mayar da shi ba tare da ta tambaye ka ko ka karya kumallo ba.

Abin da binciken ya nuna ya ba mutane da yawa haushi. Wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa iya jawabin zaman lafiya a taro, kajinsu ne suka yi ƙiba. Su kuma matan da suka mayar da faranti, da aka zauna da su, mafi yawansu ba wai sun yafe ba ne. Wata ta ce mana har gobe in ta ga waɗancan mutanen gabanta faɗuwa yake, amma ina za ta kai kunyar riƙe kayan mutane? Da muka koma gidajen bayan wasu shekaru, sai muka tarar waɗanda kunya ta sa suka mayar, su ne yanzu ke zuwa bikin juna da jana'izar juna. Waɗanda suka ce sai zuciyarsu ta huce tukuna, suna nan suna jira. Abin da Ibu ta fitar daga ciki shi ne, sau da yawa hannu ne ke fara yin sulhu, zuciya ta biyo baya tana ƙunƙuni. Ta kuma lura da wani ƙaramin abu da mu duk muka tsallake: in faranti ya koma gidansu, magana ta ƙare, ba wanda ke bin wani komai. Amma a gidajen da zumunci ya ɗore, mai mayarwa kan kife nata farantin a kai a matsayin murfi, ta kuma tafi ta bar shi.

Wani mai tace maƙala daga Turai ya rubuto cewa faranti ba ma'aunin kimiyya ba ne. Ni na hau, na cika fam, ina shirin rubuta martani mai zafi. Ita kuwa dariya ta yi ta ce, "Yi masa uzuri, Sofyan. Bawan Allah ba a taɓa aiko masa da abinci ba." Sannan ta zauna ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, da alƙaluman da ta sa ni na fitar, har maƙalar ta fita.

A wani taron masana a Makassar ne na fara sanin abin da take ɗauke da shi. Ta gama gabatarwa, ana tafi, sai wata matashiyar malama ta miƙe ta yi tambaya cikin raha: "Ibu, ke fa, naki farantin ya koma?" Zaure ya ɗauki dariya. Ibu ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta ce, "Gidana yana cikin gidajen da faranti ya shiga bai fito ba. Ban sa shi a lissafi ba saboda mai bincike ba ya auna kansa, amma tunda kin tambaya, ba zan yi miki ƙarya ba." Shugaban zama ya yi sauri ya kira mai tambaya na gaba.

A hanyarmu ta dawowa ta ba ni labarin. Kafin rikici, a wani lungu kusa da kasuwa suke zaune, katanga ɗaya da wata Kirista, Lenora Siahaya, wadda unguwa ke kira Usi Lenora. Tare suka yi firamare, tare suka yi goyon 'ya'yansu. Ana gobe Sallah, Usi Lenora ta aiko da bagea, biskit ɗin nan na sago, garin da ake cirowa daga cikin wata bishiya, cike da farantin tangaran mai shuɗin baki, don Ibu ta tarbi baƙi. Washegari gari ya kama da wuta. Wajen gudu, Ibu ta ƙulle farantin da abin da ke ciki a ɗankwali saboda Safira, wadda ke da shekara tara a lokacin, kada yunwa ta kama ta a hanya. Bayan 'yan watanni, ɗanta Fadli, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, ya koma tsohuwar unguwar don ya ga ko akwai abin da ya rage na gidansu. Gawarsa aka kawo. Wasu suka ce sun ga Yopi, ɗan Usi Lenora, cikin taron da ya tare shi. Wasu suka ce ba shi ba ne. Shekara na zagayowa shi ma Yopi aka kashe shi, ba sauran wanda za a tambaya.

Farantin yana nan a can ƙuryar kabad ɗinta, ba a ci a cikinsa, ba a kuma yar da shi ba. Ni da rashin haƙuri irin nawa na ce, "Amma Ibu, ai ke kika gano maganin. Ki mayar kawai, zuciya za ta biyo."

Ta dube ni ta ce, "Shi ya sa ban mayar ba. Na yarda da bincikena fiye da kowa. Na san in na kai, wata rana zan wayi gari na ga na huce. In na huce, wa ya rage yana fushi saboda Fadli? Babansa ya rasu. Sai ya zama kamar an kashe kaza."

Na karanta littattafai da yawa a kan dalilin da ke hana mutane sulhu, an ce tsoro, an ce ƙiyayya, an ce rashin cuɗanya. Ban taɓa ganin inda aka ce uwa na iya riƙe fushinta don shi kaɗai ne abin da ya rage mata na yi wa ɗanta hidima ba. Wannan matar ta mayar da ɗaruruwan farantai gidajensu da bincikenta, limamai da fastoci suna kiranta ta yi wa mata bayani, ita kuma kullum ta buɗe kabad sai ta ga nata. Na ji tausayinta, kuma in faɗi gaskiya, wani lokacin har haushinta na ji.

A watan Oktoban bana, jikin ya riga ya yi nisa, ana yi mata wankin ƙoda, ta kira ni wata Asabar da hantsi ta ce in zo da mota. Na tarar da ita a kicin, zaune a kujera saboda tsayuwa ta gagare ta, ta dafa shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da bandar kifi. Farantin mai shuɗin baki yana kan tebur, an wanke shi. Safira na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Abang Sofyan, kai ka kai ta in ka ga dama," in ji Safira, wadda ke kirana Abang, wato yaya. "Ni ƙafata ba za ta taka gidan nan ba. Mama, ko kin manta yadda aka kawo mana shi?"

"Ban manta ba," in ji Ibu. "Amma kayan mutane ne, kuma na kusa tafiya. Ba zan bar miki gadon faranti ba."

Ta zuba abincin da hannunta, ta ɗauko wani farin faranti nata ta kife a kai, ta ƙulle da ƙyalle.

Usi Lenora tana zaune yanzu a kan tudun Karang Panjang, wurin 'yarta. Mun same ta a baranda tana gyaran ganyen miya. Ta dubi motar, ta dubi tsohuwar da nake tallafowa, ba ta motsa ba. Sai da Ibu ta kwance ƙyallen, shuɗin bakin nan ya bayyana, sannan ta ajiye tiren da ke cinyarta.

"Rugaya," ta ce, "ashe farantina yana wurinki? Ni kuwa na yi ta zargin surukata ta fasa shi ta ɓoye."

"Sai ki nemi gafararta. Nora, kin tsufa."

"Ji mai magana! Wa aka riƙo kamar buhun sago?"

Aka kawo kujera. Usi Lenora ta wanke hannu, ta buɗe, ta ci a gabanmu, loma bayan loma, hawaye na zuba tana share su da bayan hannu. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Yopi bai taɓa gaya mini komai ba. Ni ma ban tambaye shi ba. Tsoron amsar nake ji."

"Ba tambaya na zo yi ba, Nora," in ji Ibu. "Faranti na kawo."

Iyakar abin da suka ce game da 'ya'yansu ke nan. Sauran hirar a kan ciwon gwiwa ce, da tsadar kifi, da waɗanda suka mutu cikin 'yan ajinsu. Da muka tashi tafiya, na miƙa hannu zan ɗauko farin farantin da aka yi murfi da shi. Sai na ji an make mini hannu.

"Malam Kashi-Cikin-Ɗari," ta ce ƙasa-ƙasa, "duk shekarun nan kana fitar mini da alƙaluma, ashe ba ka karanta abin da ke ciki?"

A mota na kasa haƙuri, na tambaye ta ko zuciyar ta biyo. Tana kallon teku ta ce, "Tukuna. Ai ba mu taɓa cewa nan take ba ne. Lokaci yake so, ban kuma san ko ina da shi ba." Wata bai cika ba ta rasu.

Ranar addu'ar uku gidan ya cika maƙil, maza a rumfa, mata a ciki, rabin sashenmu na nan. Ana tsaka da raba shayi sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a bakin layi, wata tsohuwa ta sauko da ƙyar, sanye da baƙaƙen kaya, da ɗan gicciye a wuyanta, rungume da ƙullin ƙyalle. Usi Lenora ce, wadda tun rikici ba ta sake shiga unguwar Musulmi ba. Ta ratsa rumfar maza ba ta dubi kowa ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina 'yar gidan? Safira, ga farantin uwarki. Miyar kifi ce. Sabuwar tukunya na saya, ba abin da aka taɓa dafawa a ciki. Ni ba ni da shekara ashirin da biyar da zan riƙe kayan mutane."

Safira ta fito ta tsaya. Duk wanda ya taɓa zama a ajin Ibu a wurin nan ya san tambayoyi ukun nan, kuma na ga ɗalibai suna sunkuyar da kai don kada a ce kallo suke. Ni kaina addu'a nake a zuci, ban san ma me nake roƙo ba. Sannan Safira ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Ta zauna nan kan tabarmar bakin ƙofa, ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfin, ta yi bisimilla ta kai baki.

"Tanta Nora," ta ce, sunan da take kiranta da shi tana yarinya, "har yanzu kina cika barkono."

"Haka uwarki ke cewa, kuma ta cinye tas."

Daga nan kuka ya ƙwace wa su biyun, mata suka ja su ciki. Sai bayan tsohuwar ta tafi muka lura da murfin da ta kifo a kai ta bari. Farantin nan ne mai shuɗin baki. Ya sake dawowa gidan da ya yi shekara ashirin da biyar a ciki. Safira ta wanke shi, ba ta mayar da shi kabad ba, a kan teburin kicin ta ajiye. Jiya ta kira ni tana tambaya ko Tanta Nora na da ciwon suga, don tana son ta yi mata kek, kuma in zo in nuna mata hanyar gidan. Na ce ai Kirsimeti ta kusa, ta bari sai lokacin mana. Ta ce a'a, tsohuwa ce, ba a jira da tsofaffi.

Ibu, ko zuciyarki ta biyo hannunki kafin ki cika, ban sani ba. Ba ni da hujja, ba kuma zan faɗa don in daɗaɗa wa masu karatu ba, kin hana mu wannan. Abin da na gani da idona shi ne kin yi abin da ya fi miki wuya a duniya alhali ranki bai so ba, kin kuma bar murfi a baya da gangan.

A madadin malamai da ɗaliban sashenmu, ina miƙa ta'aziyya ga Safira da mijinta da 'ya'yansu, da dangin Umarella na Tulehu da na nan cikin gari, da ɗalibanta Musulmi da Kirista da ke warwatse a tsibirai. Ina kuma yi wa Usi Lenora Siahaya ta'aziyya, wadda ta sami ƙawarta ta sake rasa ta cikin wata guda. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Allah ya jiƙan Ibu Rugaya, ya gafarta mata kurakuranta, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ya haskaka kabarinta, ya yalwata shi, ya sa ilimin da ta bari ya riƙa kai mata lada duk lokacin da wani faranti ya tsallaka titi a garin nan. Ya sa Aljanna ce makomarta tare da mijinta.

Allah kuma ya sada ki da Fadli, Ibu, ki yi masa bayani da bakinki. Ina kyautata zaton ba zai yi fushi ba.